Rawanin Magaji a Kan Sanda

Ban taɓa mantawa da ranar da na kai wa wani dattijo tutar ƙasa ya naɗa ta a ka ba. Ko na so mantawa ma, tsofaffin abokan aikina ba za su bari ba, don har gobe waɗanda suka rage da rai Labbo Mai Koren Hannu suke ce mini. Ku masinjojin yanzu kun sha tsare ni a bakin sakatariya kuna tambayar asalin sunan nan, ina ce muku sai na huta. To na huta, har hutun ya gaji da ni. Ga labarin nan. Ku yi haƙuri da rubutun, ajin yaƙi da jahilci kaɗai na shiga. An gwabza yaƙin, ban kashe jahilci ba, shi ma bai kashe ni ba, sai muka yi sulhu muna zaune gida ɗaya.

A shekarar 1960 ina masinja a ofishin gwamnati na Kaura Namoda. Wanda bai san tsarin lokacin ba, bari in jera masa. A sama akwai Di'o, Bature, mai kula da yankin. A ƙarƙashinsa akwai mataimakinsa, Malam Isa, matashi ɗan ƙasa da aka turo mana ana gab da samun 'yancin kai, mutum mai ƙarancin magana, in ya dube ka ba ka sanin yabo ne ko kora. Sai babban akawu, Malam Haruna, mai tabarau, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ranar aiki ba. Sai mu masinjoji a can ƙasa, inda in ka ƙara sauka sai kyanwar ofis. A ɓangaren sarauta kuma akwai uban ƙasa, a ƙarƙashinsa hakimai, don a nan wajenmu hakimi shi ne mai riƙon ƙauye. Aikin masinja shi ne ya haɗa waɗannan da waɗancan. Kayan aikinsa kaki, jar hula, keke, da baki.

Kafin in sami kakin nan, dakon buhunan gyaɗa nake yi a tashar jirgi. Bayana bai manta ba har yau. Ranar da na fara shiga garinmu Sakajiki da kaki, innata ta zaga gida-gida tana cewa ɗanta ya zama na gwamnati, kamar ni ne Gwamna. Na faɗi wannan ne don ku san abin da kaki yake a wurina.

Kaura ita ce ƙarshen layin dogo, saboda haka duk abin da gwamnati ta aiko wa yankin nan a jirgi yake sauka. A ƙarshen damina, ana yankan gero, sai ga wani ƙunshi ya iso. Malam Haruna ya tara mu ya kwance shi a kan tebur. Tutoci ne, kore da fari da kore, sababbi fil, masu kaurin yadi, har da ƙamshin kanti.

Ya gyara tabarau ya ce, "Ran Asabar, ɗaya ga Oktoba, Bature zai sauke tutarsa mu ɗaga tamu. Kowane hakimi tuta guda, babu ragowa ko ɗaya. Ka kai, ka yi bayani, ka tsaya a kafa sanda. Malam Isa zai zaga da mota ranar. Duk ƙauyen da ya tarar da sanda tsirara, masinjan ƙauyen ya tuɓe kaki ya ajiye mini a nan, ya tafi gida da abin da ya zo da shi. Labbo, da kai nake."

Na ce, "Malam, mu huɗu ne tsaye."

Ya ce, "Na gan su. Da kai nake."

Aka raba mu. Ɗaya ya nufi Shinkafi da Galadi, wasu suka ɗauki ƙauyukan kusa, ni aka ba ni gefen Zurmi. Na yi ta raba tutoci lafiya lau, ina tura keke a rairayi, ina ɗora shi a ka in zan tsallake gulbi. Ko'ina na je sai in tsaya in yi bayani kamar mai wa'azi: wannan tuta ce, ga yadda ake ɗaura ta, ga ranar. Saura guda ɗaya tak, ta wani ƙauye gaba da Gurbin Bore. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokin mutanen suna nan, wasu ma a sakatariyarku suke aiki. Hakiminsu ana ce masa Magaji, tsoho ne siriri mai farin gemu.

Abin da ban sani ba shi ne halin da Magaji yake ciki. Akwai wani ɗan ƙanensa, Nomau, wanda shi kaɗai ke da rediyo a ƙauyen, kuma ya daɗe yana hangen sarautar. Nomau ya baza wa mutane cewa ya ji da kunnensa, in Bature ya tafi, sabuwar gwamnati za ta share tsofaffin hakimai ta sa masu jini a jika. Masu zuwa gaisuwa zauren Magaji suka fara raguwa, suna komawa gindin rediyo. Tsoho ya daina cin abinci sosai. Kuma kun san al'adarmu tun kaka da kakanni: in sabon mai mulki ya hau, wanda ya aika wa riga ko rawani, to ya tabbatar da shi a kan sarautarsa. Wanda ya ji shiru, sai ya fara haɗa kayansa.

Ni kuwa na iso da rana tsaka, makoshi a bushe, ciki yana kuka. Na jingine keke, na tuɓe takalma, na faɗi na yi gaisuwa. Na ce, "Ranka shi daɗe, saƙo daga sabuwar gwamnati," na ajiye ƙunshi a gabansa. A daidai nan ya kamata in ci gaba da bayani. A daidai nan kuma aka dire mini ƙwaryar fura da nono, mai sanyi, man shanu yana yawo a kai. Na ce a raina, kurɓi ɗaya ba ya hana 'yancin kai. Na ajiye ludayi gefe, na kafa kai.

Ina cikin ƙwarya na ji liman ya ɗaga murya. "Alhamdu lillahi! Sabuwar gwamnati ta san da Magaji!"

Na ɗago da fura a hanci. Magaji ya warware tuta a kan cinyarsa, yana shafa ta, hawaye na bin gemunsa. Kafin in haɗiye abin da ke bakina, ya cire tsohon farin rawaninsa, liman ya yi bisimilla ya soma naɗa masa tutar Nijeriya a ka. Daga cikin gida guɗa ta tashi. Wani ya ruga ya ɗauko ganga.

Tuta ba ta kai tsawon rawani ba, da kyar ta zagaya kai aka soke. Magaji ya taɓa ya ji, ya yi dariya irin ta wanda ya daɗe bai yi ba, ya ce, "Gajere na, amma ba laihi. Gwamnatin jinjira ta. In ta girma ta ƙaro muna."

Sannan ya naɗe tsohon rawaninsa ya miƙo mini. "Ɗan aike, ga tukuicinka. Ubana ya naɗa shi, ni ma na naɗa. Wanda yak kawo labari irin wanga ba a sallamatai da goro."

Zaure ya cika. Waɗanda suka koma gindin rediyo suka dawo suna faɗuwa suna gaisuwa, kamar ba su taɓa barin wurin ba. Ina zaune riƙe da rawanin mutane, ina lissafin buhunan gyaɗar da ke jirana a tasha. Maganar gyara ba ta da tsawo: ranka shi daɗe, kuskure ne, a ba ni abina. Amma ku da kuke 'yan ƙasar nan kun san abin da ake nufi in ɗan aiken hukuma ya cire wa basarake rawani a gaban jama'arsa. Babu wani bayani da zai biyo baya. An tuɓe shi ke nan.

Sai ga Nomau ya kutso. Ya tsaya ya daɗe yana duban kan baffansa, sannan ya juyo gare ni.

"Masinja, ni dai na ji rediyo ta ce tutar ƙasa kore ta da hwari da kore. Wanga abu ba tuta ba ta?"

Ganga ta yi shiru. Magaji bai dubi Nomau ba, ni ya duba. Ban taɓa ganin ido irin wannan ba, kamar na ragon da ya ga an wasa wuƙa.

Na goge baki na ce, "Rediyonka ba ta yi ƙarya ba, launin gwamnati ke nan. Tuta kuwa, ran Asabar ka zo bakin kasuwa ka ɗaga kai, kana ganinta bisa sanda."

Ya ce, "Ina take?"

Na ce, "Tana tahe."

Ganga ta ci gaba. Na hau keke na bar ƙauyen ana yi mini addu'a, ni kuwa ina tambayar kaina daga ina take tafe.

Komawa Kaura ba shi da amfani, Malam Haruna ya riga ya ce babu ragowa, kuma in na shiga ofishinsa da wannan labari, a nan zan baro kaki. Na zarce Zurmi na zaga wurin masu yadi. Koren yadi tsantsa babu. Abin da na samu mafi kusa shi ne wata atamfa kore mai zanen kifi. Na daɗe ina dubanta, sai na ga ƙasa ba za ta fara rayuwa da kifi a tuta ba.

Sai na tuna da Bawa, ɗan goggona, taubashina, marini ne a nan Zurmi. Na same shi a bakin karofi, wato ramin da ake rini, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwa. Na ba shi labari tun daga ƙwaryar fura. Ya zauna a ƙasa don dariya.

"Kai, bawana! Gwamnati guda anka ba ka ka riƙe, kash shanye ta da nono!"

Na ce, "Ka gama in gaya maka aikin da ubangidanka ya kawo ma. Ga hwarin yadi." Na warware rawanin Magaji. Dogo ne, shara-shara, irin na da. "Mu yanka shi uku, ka rina biyu kore, a bar na tsakiya."

Ya ce, "Labbo, karohi bai san kore ba. Shuɗi ya sani, sai baƙi. Tun kakanmu hakanan."

Na ce ya dai gwada. Muka yanka, ya tsoma ƙyalle ɗaya a ruwan baba, wato shuni, ya ɗan juya shi, ya fiddo. Jama'a, sai ga shi kore! Kore shar, kamar ɗanyen ganye. Na yi tsalle na fizge shi, ina cewa, "Ga ta nan! Ka ce ba ka iyawa, raggo!" Ina riƙe da shi ina rawa, sai na ga koren yana gudu. A gaban idona, a cikin hannuna, ya rikiɗe ya koma shuɗi. Ashe haka baba take, in ta fito rami kore ce, da ta sha iska sai ta juya. Duk marina sun san haka, shi ya sa suka bar aikinsu suka taru suna kallona. Bawa yana ta ihu, "Riƙe shi, Labbo! Kak ka bari shi tahi! Danne shi da hula!"

Hayaniyar ce ta fito da Goggo Kulu, uwar Bawa, ƙanwar ubana. Ita sana'arta saƙar faifai, tana rina kabarta da kanta. Ta tsaya da taɓarya a hannu ta ce, "Wane mahaukaci aka ɗaurewa?"

Bawa ya ce, "Ɗan wanki na, Inna. Ya sai da ƙasa, shina son mu rina mai wata."

Na durƙusa na gaishe ta na yi mata bayani. Ta karɓi shuɗin ƙyallen ta ɗaga shi a rana. Ta ce, "Kai da ubanka duk ɗaya, ciki ka ja ku. Tashi ka ɗebo man ruwa." Ta ce wata rana kabarta shuɗiya ta faɗa tukunyar rawaya, ta fito kore, ta yi ta faɗa don ta ɓata mata zane, amma ba ta manta ba. Ta sa Bawa ya tsoma ƙyalle na biyu sama-sama kamar na farko, kada ya yi duhu. Ta daka saiwar rawaya, ta tafasa a babbar tukunya, ta zuba ƙyallayen biyu a ciki, ta ba ni muciya ta ce in yi ta juyawa.

Wannan karon ban yi rawa ba. Da aka sauke ya ɗan huce, na sa hannu na tsamo, na matse, na shanya a kan danga, na zauna ina gadinsa kamar mai jiran ɓarawo. Iska ta buga shi, rana ta buga shi, kore bai motsa ba. Ba irin koren gwamnati ba ne sak, nasu ya fi duhu, namu ya fi kama da ganyen gero kafin ya fid da kai. Amma kore ne, ko a gaban alƙali.

Sai Bawa ya nuna hannuwana. Na riga na riƙe shuɗi da su, na kuma tsoma su a rawaya. Sun rinu tsaf har wuyan hannu. Na wanke da toka, na wanke da sabulun salo, na goga da rairayi. Goggo ta ce, "Bar wahal da kanka, sai sabuwar hwata ta hito."

Wani tela a kasuwa ya haɗa mana ƙyallayen, fari a tsakiya, ya yi mata baki inda igiya za ta shiga. Na koma ƙauyen Magaji da ita a cikin riga. Muka sa aka saro doguwar gora, maƙeri ya yi zoben ƙarfe aka ɗaura a samanta, aka zura igiyar rama, aka kafa a bakin kasuwa. Nomau yana ta zagaya ni yana cewa in nuna masa, ina ce masa ba a buɗe amarya kafin ranar.

Asabar ta zo da zafi irin na kaka, wanda ko ganye ba ya motsi. Jama'a sun taru tun hantsi, manoma sun baro yankan gero, Fulani sun fito daga rugage, mata sun jeru a bayan danga. Sai bayan la'asar muka hango ƙurar mota. Malam Isa ya fito, rigarsa ta jiƙe da gumi. Magaji ya taso tarbarsa a gaban jama'a, tutar Nijeriya a kansa.

Malam Isa ya tsaya cik. Ya dubi kan Magaji. Ya dubi sanda. Ya neme ni da ido. Na ƙame na sara masa, da koren hannu.

Ya gaisa da Magaji kamar bai ga komai ba, sannan ya ce, "Labbo, zo ka duba mini tayar baya." Muka zaga bayan mota.

"Mene ne a kan Magaji?"

"Tutar gwamnati ce, ranka shi daɗe."

"Mene ne a cikin rigarka?"

"Rawanin Magaji ne, ranka shi daɗe."

Ya ce in fara daga farko. Na faɗa masa duka, ban rage ko furar ba, har da Nomau da rediyonsa. Da na gama ya ce, "Ka san abin da Malam Haruna ya ce."

Na ce, "Na sani. Amma sanda tsirara ya ce. Bai ce daga wane kanti rigarta za ta fito ba."

Gefen bakinsa ya ɗan motsa, ban san ko dariya ce ko sallama ba. Ya ce, "Je ka ɗaura mu gani."

Tsarin bikin a ko'ina iri ɗaya ne: jami'i ya yi jawabi, liman ya yi addu'a, kowa ya miƙe tsaye, masinja ya ja igiya. Malam Isa ya yi jawabi gajere. Ya ce daga yau ƙasar nan ta koma hannun 'ya'yanta, mu ne za mu gyara, mu ne za mu ɓata, babu sauran wanda za a nuna wa yatsa. Liman ya shafa fatiha. Na fiddo tutata na ɗaura, na yi bisimilla, na fara ja.

Daga baya direba ya gaya mini cewa duk garuruwan da suka biyo ranar, tutocin gwamnati sun hau sun rataye kamar wankin da aka manta a igiya, saboda kaurin yadi da rashin iska. Tawa kuwa rawani ce, shara-shara. Tana kaiwa sama, wata 'yar iska da ko gashin gemu ba ta kaɗawa ta taɓa ta. Sai ta buɗe. Ta miƙe gaba ɗayanta, kore da fari da kore, rana ta ratsa ta, tana kaɗawa a kan rufin kasuwa kamar ta daɗe da sanin aikin.

Nan take wurin ya fashe. Guɗa, ganga, kabbara, maharba suka saki bindigogi. Wani tsohon Bafillace ya cire malafarsa ya riƙe a ƙirji. Ni kaina da na rina ta a tukunyar goggona, sai na ji lallai yau mun zama masu ƙasa.

Nomau bai haƙura ba. Da hayaniya ta lafa ya matso gaban Malam Isa ya rusuna. "Ranka shi daɗe, tambaya gare ni. Tuta mun gani. Amma wanga rawani da ke kan Baffa, da sanin hukuma anka kawo shi?"

Na ji kaki yana zamewa daga jikina. Kalma ɗaya ta ishi Malam Isa ya gama da ni da Magaji gaba ɗaya.

Ya ce, "Daga ofishinmu ya fito, masinjanmu ya kawo shi." Sannan ya taka zuwa gaban Magaji, ya sa hannu biyu ya gyara masa bakin rawanin da ya soma kwancewa, ya soke shi da kyau. Ya ce, "Allah ya taya ka riƙo, Magaji. Ka riƙe mutanen nan da amana, har da masu rediyo."

Dariyar da aka yi ta kai Gurbin Bore. Nomau ya faɗi ya gai da baffansa, don babu sauran abin yi.

Ana shirin tashi, Magaji ya yafito ni. Ya kama koren hannuna ya jawo ni kusa, idonsa na kan sanda. Ya ce a hankali, "Labbo, ka ga wancan ɗan ɗinki da ke tsakiyar hwarin? Hannun uwargidana na. Tartsatsin wuta ya taɓa huda shi, taɗ ɗinke."

Na fara neman abin faɗi.

Ya ce, "Yi shiru, ɗana. Ni tsoho na, ba yaro ba. Ashe musaya munka yi da gwamnati. Nata bisa kaina, nawa bisa kan gari duka. Ban yi hasara ba."

A mota Malam Isa ya sa aka ɗora kekena a baya. Mun yi nisa kafin ya ce, "Ni zan gaya wa Malam Haruna da kaina. Kai ka sa hannuwanka a aljihu." Ya kuwa gaya masa. Malam Haruna ya cire tabarau ya sake sawa, ya ce tun da yake aiki bai taɓa jin an yi wa kayan gwamnati haka ba. Malam Isa ya ce shi ma tun da ya fita ranar bai ga tutar da ta tashi ba sai wannan. Aka bar ni da kakina. Na ci gaba da sa shi har ya zama ni ke koya wa sababbi ɗaurin igiya.

A 1963 ƙasa ta zama jamhuriya, aka sauke hoton Sarauniya daga bangon ofis aka ɗora na Shugaban Ƙasa, ɗan ƙasa irinmu. Aka sake ba mu hotuna mu raba wa hakimai, ƙauyen Magaji ya sake faɗowa a kaina. Na shiga zaure, aka dire mini fura, na tura ta gefe da ƙafa. Na riƙe hoton gam a ƙirji na ce, "Ranka shi daɗe, wanga hoto na. Shugaban Ƙasa na. Bango aka rataya shi."

Magaji ya duba, ya duba, ya ce, "To madalla. Dama kaina ba shi ɗaukar katako." Sannan ya leƙa bayana ya ce, "Gwamnatin ta girma kuwa? Ban ga ƙarin rawanin ba."

Na ga gwamnatoci da yawa bayan wannan, na farar hula da na soja, har Allah ya nuna mini ranar da aka ba mu Jihar Zamfara a 1996, ita ma ɗaya ga Oktoba. Kowace ta zo da sabon abu a ƙunshe, ta ba masinja ya kai. Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba jahilai ba ne, sai dai duk sabon abin da ka kawo musu, da ma'aunin da suka gada za su auna shi, in ba ka riga ka gaya musu ba. Saboda haka saƙo ba ƙunshin da ke hannunka ba ne, maganar da ke bakinka ce. In kuma ta riga ta ɓaci, kada ka gyara aikinka da mutuncin wani, nemi wata hanya ko da za ka rina hannu. Na ƙarshe kuma, wanda ya fi duka, ku rubuta shi a bangon ɗakin masinjoji: a gama bayani kafin a taɓa fura.